Yaushe Ya Kamata a Aika Tsohuwar Kwandala Wurin Masu Tantancewa?

A gidaje da yawa, idan dattijuwa ta rasu aka zo buɗe adakarta domin rabon gado, akan tarar da ƙullin tsumma ko gwangwanin madara a can ƙarƙashin zannuwa, cike da kuɗin da aka daina karɓa a kasuwa tun kafin a haifi masu buɗewar. A ciki za a ga kwabo mai huda a tsakiya, da anini, da taro, da sisi, da sule mai hoton bishiyar kwakwa, wani lokaci har da liyari ɗaya ko biyu waɗanda maƙeri ya liƙa wa kunne domin a rataya a wuya. Kafin a watse kuma sai an sami wanda zai ce ya gani a Facebook cewa irin waɗannan kuɗin suna yin miliyoyi a Turai, muddin aka aika da su wani kamfani ya duba ya rufe su a cikin roba. Akwai gaskiya a maganar, amma kaɗan ce, kuma wanda ya bi ta ido rufe zai kashe abin da ya ninka darajar kayan da ke hannunsa.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, tantancewa ba ta ƙara wa kwandala komai a jikinta, yadda ta tafi haka za ta dawo. Hajar da kamfanin yake sayarwa ita ce kawar da shakka daga zuciyar mai saye da ke nesa, wanda bai san ka ba, bai taɓa riƙe kwandalar a hannunsa ba, kuma ba ya son cinikin biri a sama. Saboda haka duk matakan da ke tafe amsar tambaya guda suke nema: nawa shakkar nan take rage maka a farashi, nawa kuma za ka biya a cire ta?

Abin da ake biya wa kuɗin

Wannan sana'a a Amurka ta tsiro. A 1972 ƙungiyar masu tara kuɗin tarihi ta ƙasar ta kafa ANACS domin rarrabe na gaske da jabu. A 1986 aka buɗe PCGS a jihar Kalifoniya, a 1987 kuma NGC ya biyo baya, wanda yanzu hedikwatarsa take a garin Sarasota na jihar Fulorida. Waɗannan biyu na ƙarshe su ne kasuwar duniya ta fi amincewa da hukuncinsu. Aiki biyu suke yi a kan kowace kwandala. Na farko su tabbatar da cewa ta gaske ce kuma ba a taɓa shekararta ko alamarta ba. Na biyu su ba ta maki gwargwadon yadda ta tsira daga gogayya. Daga nan sai a rufe ta a cikin kwanson roba mai garai-garai wanda ba ya buɗuwa sai an fasa, a sa takarda mai ɗauke da sunanta da makinta da lambar shaida, tare da lamunin cewa idan daga baya ta tabbata jabu ce kamfanin zai biya diyya bisa sharuɗɗansa.

Ma'aunin makin yana tashi daga 1 zuwa 70. Wani Ba'amurke mai suna William Sheldon ne ya fito da shi a 1949 domin tsofaffin kwabban tagulla na ƙasarsa, daga baya aka shimfiɗa shi a kan kowace irin kwandala. Daga 1 zuwa 58 na kuɗin da ya shiga hannun mutane ya gogu ne: wanda ake rubuta wa VF, wato ya gogu amma zanensa yana fitowa sarai, yana tsakanin 20 da 35, XF mai ɗan gogayya kaɗan 40 da 45, AU kuma daga 50 zuwa 58, wato wanda saura ƙiris ya zama sabo. Daga 60 zuwa 70, inda ake rubuta MS, na wanda bai taɓa yawo a kasuwa ba ne. A tsakanin 58 da 60 ɗin nan, da kuma tsakanin makunan da ke sama da 63, ake samun tazarar farashin da kan sa kuɗin tantancewa ya zama ba komai ba.

Mataki na farko: san ainihin abin da ke hannunka

Kafin ka yi tunanin kowane kamfani, ka zauna kusa da taga da takarda da biro da gilashin ƙara girma mai ninka abu sau biyar zuwa goma. Ka riƙe kwandalar ta gefenta da yatsu biyu, a saman tawul mai laushi, domin maiƙon yatsa yana barin tabon da ba ya fita, faɗuwa a siminti kuma tana lotsa baki. Ka rubuta ƙasar da ta buga ta, da darajar da aka rubuta a jikinta, da shekara, da ƙaramin harafin da ke nuna gidan da aka buga ta. A kuɗin Yammacin Afirka na zamanin Ingilishi, H na nufin gidan Heaton da ke Birmingham, KN na nufin King's Norton, SA kuma Pretoria. Da waɗannan bayanan za ka neme ta a kundin intanet irin su Numista, inda za ka ga nauyinta da faɗinta da ƙarfen da aka yi ta da shi da adadin da aka buga.

A nan ne yawancin buri yake faɗuwa, kuma gara ya faɗi a nan inda ba a kashe ko sisi ba. Liyari shi ne babban misali. Kusan duk wanda za ka gani yana ɗauke da shekarar 1780 da hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, sai mai shi ya ɗauka yana riƙe da abin da ya haura shekara 240. Alhali 1780 ita ce shekarar da sarauniyar ta rasu, kuma tun daga lokacin aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar ba tare da sauyawa ba, saboda 'yan kasuwar Larabawa da Habasha da ƙasashenmu ba sa karɓar wanda ya sha bamban da wanda suka sani. An buga ɗaruruwan miliyoyi, a Biyana da Landan da Faris da Rum da Bombai da wasu wurare, kuma har yau ana bugawa. Darajar liyari na gama-gari tana kusa da kuɗin azurfar da ke cikinsa, wato kashi 83 cikin 100 na nauyin giram 28 da ɗan ɗoriya. Sai bugun farko-farko, waɗanda masana ke ganewa ta ƙananan bambance-bambance a rubutu da ado, su ne suke da wata magana dabam.

Haka kwabo da dari da anini na 1936 masu sunan Sarki Edward na Takwas. Da yake ya sauka daga mulki a watan Disamba na wannan shekarar, kuma Ingila ba ta fitar da kuɗinsa ga jama'a ba, mutane sukan ɗauka duk abin da ke da sunansa ya yi ƙaranci. Na Yammacin Afirka kuwa miliyoyi aka buga, kuma suna da araha. Amma a cikinsu akwai ƙalilan da gidan Heaton ya yi kuskure ya haɗa hatimin Gabashin Afirka a fuska ɗaya da na Yammacin Afirka a ɗayar, irin wannan kam ya cancanci a kai shi gaban masana. Tsufa kaɗai ba ya sa tsada, ƙaranci da lafiyar jiki da yawan masu nema su ne suke sawa.

Mataki na biyu: nemi farashin da aka biya

Kada ka dogara da farashin da wani ya sa wa kayansa a intanet, domin kowa yana iya taya wa kansa abin da ya ga dama. Ka nemi abin da aka sayar. Gidajen gwanjo irin su Heritage da Stack's Bowers a Amurka, da Spink da Noonans a Landan, suna ajiye tarihin cinikinsu da hotuna, eBay ma yana nuna kayan da aka riga aka saya. Ka tattara farashi iri biyu na kwandalarka: yadda ake sayenta tsirara ba kwanso, da yadda ake sayenta a cikin kwanso a makuna uku ko huɗu da ke kusa da inda kake zaton take. Ka kuma duba ƙidayar da PCGS da NGC suke wallafawa ta yawan irinta da suka tantance a kowane maki. Idan dubbai ne a makin da kake fata, takardar shaidar ba za ta bambanta taka da ta kowa ba.

Mataki na uku: binciki lahani, kuma kada ka wanke

Wannan matakin nake so a fi daɗewa a kansa, domin a nan aka fi yin asara. Kwandalar da aka taɓa gogewa, ko aka huda, ko aka liƙa mata kunne, ko aka kankare bakinta, ko tsatsa ta ci fuskarta, ba ta samun maki mai lamba. Idan ta gaske ce za a rufe ta a kwanso a rubuta kalmar Details tare da sunan lahanin, kuma masu saye suna rage mata kuɗi sosai. Kuɗin aikin kuwa ba a mayar da shi, haka ma idan aka dawo da ita da hukuncin cewa jabu ce.

Mu mutane ne masu son abu ya yi ƙyalli. Wanda ya tsinci tsohon sule ya yi baƙi, hannunsa zai tafi kai tsaye ga toka da lemon tsami, ko ruwan tsamiya, ko man goge baki, yadda ake yi wa awarwaro da tasoshin tagulla. Na taɓa ganin wani ɗan'uwa ya kwana yana goge sulallan azurfa na kakarsa da soso da toka domin ya burge mai saye, da safe suna walƙiya kamar sababbin cokula, amma duk wanda ya san harkar kallo ɗaya zai yi musu ya ajiye. Launin duhun nan da shekaru suka shafa wa ƙarfe shi ne shaidar cewa fuskar ta asali ce, kuma idan aka cire shi ba ya dawowa yadda yake. Garin neman gira ke nan aka rasa ido.

Ga yadda za ka gane ko wani ya riga ka gogewa. Ka shiga ɗaki mai ɗan duhu ka kunna fitila guda ɗaya mai kaifin haske, ka riƙe kwandalar a ƙarƙashinta kana karkata ta a hankali kana juyawa. Wadda ba ta yi yawo ba kuma ba a taɓa ta ba, za ka ga haske ya miƙe daga tsakiya zuwa baki yana zagayawa kamar hannun agogo. Wannan ƙyallin daga bugun hatimi ya samo asali, lokacin da ƙarfe ya malala a ƙarƙashin matsi, kuma babu man da ke iya ƙirƙirarsa. Wadda aka goge kuwa haskenta a shimfiɗe yake, fau kamar madubi ko kuma dusu-dusu, kuma a wata kusurwa za ka ga siraran layuka bila adadin sun jeru gefe guda kamar sawun tsintsiya a rairayi. Sau da yawa za ka ga fili ya yi fes amma datti ya maƙale a lungunan haruffa, inda soso bai kai ba. Ka juya ta gefenta ka bi bakin gaba ɗaya, kana neman wurin da launi ya sauya ko tsagin baki ya shafe, domin nan ne aka cire kunnen da maƙeri ya taɓa liƙawa. Hudar tsakiyar kwabo da anini ba lahani ba ce, da ita aka buga su. Wadda aka yi da ƙusa kusa da baki ita ce lahani.

Kwandala mai lahani ba ta cancanci aikawa ba, sai idan irin wadda ƙarancinta ya kai a ce tabbatar da asalinta kaɗai ya isa ya jawo masu saye. Idan kuma ka ga wani koren abu mai danƙo a fuskarta, wanda yake fitowa daga ajiya a cikin roba mai laushi, kada ka kankare. Kamfanonin suna da sashen tsabtacewa na ƙwararru, na NGC ana kiransa NCS, kuma da kuɗinsa dabam.

Mataki na huɗu: gwajin gida, da sanin waɗanda ake yi wa jabu

Sikelin da ke auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram, irin na masu sayar da zinariya, da ma'aunin faɗi, da maganaɗisu, sun isa su kori jabu na ƙasa-ƙasa. Tsohuwar dalar azurfa ta Amurka da ake kira Morgan nauyinta giram 26.73 ne, faɗinta milimita 38.1. Fam ɗin zinariya na Ingila giram 7.98 ne. Gogayya tana rage ɗan abu kaɗan, amma idan bambancin ya kai giram guda a kwandalar da ba ta sude ba, magana ta ƙare. Zinariya da azurfa da tagulla ba sa bin maganaɗisu. Shi ya sa kwabon Amurka na 1943 yake da sauƙin gwaji: a shekarar an buga shi da baƙin ƙarfe saboda yaƙi, ƙalilan ne kawai aka yi kuskuren bugawa da tagulla, kuma masu zamba suna shafa wa na ƙarfen ruwan tagulla, amma maganaɗisu yana ɗauke shi nan take. Ka duba kuma alamun zubi, wato layin haɗi a gefe, da ƙananan ƙuraje a fili, da haruffa masu kumburi marasa kaifi. Kada ka bari a ɗiga mata ruwan gwaji ko a goga ta a dutse yadda ake gwada sarƙa, kada kuma ka jefa ta a ƙasa domin jin ƙararta.

Tsallake waɗannan gwaje-gwajen ba ya tabbatar da komai, domin jabu na zamani ana yin sa da hatimi da ƙarfe na gaske da nauyi daidai. Akwai ma wanda kwandalar ta gaske ce, harafi ɗaya kawai aka taɓa. Sisin Amurka mai daraja senti 10 na 1916 wanda aka buga a Denba guda 264,000 ne kacal, alhali na Filadalfiya na wannan shekarar miliyoyi ne, don haka ake ɗauko na Filadalfiya a liƙa masa ƙaramin D. Haka ake yi wa kwabon Amurka na 1909 mai alamar S ta gidan bugu na San Francisco da haruffan VDB na sunan wanda ya zana shi, wanda aka buga guda 484,000, da dalar Morgan ta 1893 mai alamar S, wadda aka buga guda 100,000. A fam ɗin zinariya na 1917 kuma akasin haka ne: na Landan, wanda ba shi da harafi, shi ne mai ƙaranci, na Ostireliya masu harafi sun fi yawa, don haka rashin harafin ne abin tuhuma. A irin waɗannan ba na ma tsayawa lissafi mai tsawo. Duk kwandalar da aka san ana yi mata jabu, kuma kuɗinta ya kai ɗaruruwan daloli ko da ta sude, a aika da ita, domin babu mai hankalin da zai biya cikakken farashi a kanta tsirara.

Sauran fam-faman zinariya na shekarun gama-gari, irin waɗanda ake sayowa a matsayin ajiya, darajarsu tana bin farashin zinariya na ranar. Abin da suke buƙata shi ne a tabbatar da nauyi da karat, musamman da yake a kasuwannin gwal ana sayar da na kwaikwayo da aka yi domin ado. Wannan kuwa na'urar haska ƙarfe da ke wasu shagunan zinariya tana yin sa ba tare da ta taɓa fuskar ba.

Mataki na biyar: ƙiyasta makin, sannan ka rage

PCGS yana da hotunan kwatance kyauta a intanet da ke nuna yadda kowane maki yake. Ka ajiye taka kusa da hotunan ka duba wuraren da suka fi tudu, domin su gogayya take fara ci: gashin da ke saman kunne, da kumatu, da duwatsun kambin sarki, da ƙirjin gaggafa. Idan launin waɗannan wuraren ya dushe ya bambanta da na kewaye, kwandalar ta yi yawo, kuma ba za ta kai 60 ba komai kyanta. Mai abu kullum yana ganin abinsa sama da yadda yake, saboda haka duk makin da ka ba ta ka sauko da shi mataki ɗaya ko biyu, da shi za ka yi lissafi.

Dalolin Morgan guda biyu suna nuna dalilin wannan wahalar. Ta 1881 mai alamar S an buga sama da miliyan 12, kuma da yawansu sun kwana a buhunan baitulmali ba su taɓa fita ba, don haka sabuwa fil ma ba ta da wuyar samu. Ta 1884 mai alamar S an buga miliyan 3.2, amma kusan duka sun shiga kasuwa sun gogu. Wadda ta sude tana da araha, wadda ta kai 60 kuwa kuɗinta dubban daloli ne. Wanda ke riƙe da irinta mai kyan gaske, yana shakkar ko 58 ce ko 61, shi ne ainihin wanda aka yi wannan sana'ar dominsa.

Mataki na shida: lissafi

Ka haɗa duk abin da zai fita daga aljihunka. Akwai kuɗin rajistar shekara idan kai da kanka za ka aika, da kuɗin tantance kowace kwandala, wanda a ƙananan matakai yakan kama daga dala ashirin da wani abu zuwa arba'in kuma yana hawa da darajar kayan, da kuɗin karɓar kaya, da kuɗin aikawa da dawowa, da inshora, da abin da kwastan za su iya nema. Jadawalin yana sauyawa, don haka ka duba na ranar a shafin kamfanin. Ga wanda ke aikawa daga Kano ko Maraɗi ko Kumasi, kuɗin hanya kan fi kuɗin aikin kansa.

A ɗauka, domin misali kawai, kana da kwandalar da za a saya dala 60 tsirara. A makin da ka rage mata ana sayen irinta dala 90 a kwanso, a makin da kake fata kuma dala 150. Idan duk kuɗin da za ka kashe a kanta ya kai dala 70, to a makin farko ka yi asarar dala 40, a na biyu ka ci ribar dala 20 kafin a cire la'adar gwanjo, kuma ba a sa yiwuwar a ce an taɓa goge ta ba. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. A sauya lambobin: ana tayin dala 400 tsirara saboda tsoron jabu, irinta a kwanso kuma tana yin dala 900 ko a mafi ƙarancin makin da za ta samu. A nan dala 70 ko 100 ba abin tsayawa tunani ba ne. Ƙa'idata ita ce, idan aikawa ba ta biyan kanta sai an dace da maki mafi kyau, to a bar ta. Wannan ya shafi sababbin kwandalolin tunawa da ake saya daga gidan bugu ana fatan 70, domin idan 69 ta fito, sau da yawa farashinta bai wuce na tsirara ba.

Ka kuma tambayi kanka inda za ka sayar. Kwanso yana da ƙima ne a kasuwar da ta san shi, wato gwanjon ƙasashen waje da masu saye ta intanet. Mai sayen kayan da a gida, ko maƙerin da zai ɗora a sikeli, ba zai ƙara maka komai saboda shi ba. A Ingila ma da yawa daga masu tara kuɗin tarihi har yanzu suna saye tsirara bisa bayanin dillalin da suka amince da shi. Amma akwai dalilan da ba na riba ba. Idan kwandala mai tsada ta faɗo cikin gado, magada kuma suna buƙatar ƙima ta adalci kafin a raba, hukuncin wanda ba shi da rabo a ciki yana kashe gardama. Takardar da ke cikin kwanson ba ta ɗauke da farashi, amma da makin a hannu kowa zai iya duba cinikin irinta da idonsa. Haka idan za a yi mata inshora.

Mataki na bakwai: zaɓen kamfani da hanyar aikawa

Ka duba tarihin gwanjon da ka tattara ka ga kwanson wane kamfani ya fi yawa a irin kwandalarka, ka bi shi. Ka guji ƙananan kamfanonin da ba a san su ba, waɗanda ke rabon 70 kamar goro, domin kasuwa tana ɗaukar kayansu tamkar tsirara. Ga kuɗin zamanin Rumawa da Girkawa kuma, ka sani cewa sashen NGC mai kula da su yana ba da ra'ayinsa ne ba tare da lamunin asali irin na kuɗin zamani ba.

Ba dole sai Amurka ba, domin NGC yana da ofis a Landan da Munik, PCGS kuma a Faris. Kamfanonin aika kaya da yawa suna hana ɗaukar kuɗi da zinariya, ko kuma ba sa biyan diyyarsu idan sun ɓata, saboda haka ka karanta sharuɗɗansu kafin ka miƙa. Ka kuma nemi bayani daga hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasarka ko abin da za ka fitar yana buƙatar izini. Hanya mafi sauƙi ga mai kwandala ɗaya ko biyu ita ce ya aika hotuna masu kyau, fuska biyu da gefe, zuwa gidan gwanjo ko dillalin da kamfanin ya amince da shi. Sukan duba kyauta, kuma idan abin ya kai, su da kansu za su tura shi a tantance su cire kuɗin daga ciniki. Idan gidaje biyu ko uku suka ga hoton suka ce ba sa so, wannan ma amsa ce, kuma ba ka biya komai ba.

Wurin cike takarda ka faɗi darajar gaskiya, domin a kanta ake ɗora matakin kuɗin aiki da diyyar ɓata, kuma idan ka rage za su iya ɗaga ka zuwa matakin da ya dace su caje ka. Idan kana zaton taka tana da kuskuren bugu ko wani nau'i na musamman, sai ka nemi a duba shi a rubuce, yawanci da ƙarin kuɗi. Ka sa kowace kwandala a 'yar jakar roba mai tauri marar danƙo, kada ka yi amfani da salatif ko ƙusar matse takarda, ka ɗauki hotonta da nauyinta kafin ka rufe, kuma kada ka rubuta a bayan kwali abin da zai ja hankalin ɓarawo.

Bayan ta dawo

Ka shigar da lambar shaidar a shafin kamfanin ka tabbatar bayanin ya yi daidai da abin da ke hannunka. Wannan binciken ya fi zama wajibi idan kai ne mai saye, domin kwanson ma ana yin jabunsa, har da lambar gaske da aka kwafo daga wata kwandala, saboda haka ka gwada hoton da ke shafin da tabo-tabon da ke jikin wadda ake nuna maka. Idan makin bai kai yadda ka so ba, akwai damar neman a sake dubawa ko a kai wa ɗayan kamfanin, amma kowanne da kuɗinsa, kuma lissafin mataki na shida ya sake hawa kanka. Fasa kwanso domin a sake aikawa yana soke lamunin, kuma tana iya dawowa ƙasa da inda take.

Kwanson yana kare ta daga yatsa da karce, amma iska da laima suna iya ratsa shi a hankali, tagulla kuma ita ta fi saurin sauya launi. Ka ajiye shi a akwati mai murfi, nesa da bangon da ke tsattsafo da damina, tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi ko na magani, kana sauya su lokaci-lokaci. Sauran da ba su cancanci tafiya ba, kwabban da aninan da liyarin mai kunne, ka raba su daga gwangwanin domin kada su ci gaba da gogar juna, ka sa kowanne a ƙaramar ambulan ta takarda marar sinadari, ka rubuta a bayanta shekararsa da harafinsa da nauyinsa da sunan wadda aka same shi a adakarta.